Albrecht Dürer: ɗan maƙerin da ya mai da hoton ibada hajar fatauci

A shekarar 1506, a babbar kasuwar Frankfurt da ke ƙasar Jamus, inda fatake ke haɗuwa sau biyu a shekara, wata mata mai suna Agnes ta kwance ƙunshin hajarta. Takardu ne zalla, kowace da hoto baƙi da fari: ga Nana Maryam rungume da jaririnta, ga Adamu da Hauwa'u a gindin bishiya, ga mahaya dawaki huɗu suna tattake jama'a. Mijinta, wanda ya yi hotunan, yana can birnin Venis na Italiya, bayan duwatsun Alps. Tsohuwar mahaifiyarsa kuma tana gida Nuremberg, ita ma an bar mata nata kason, ta sayar ranar da baƙi suka cika gari. Sunan mijin Albrecht Dürer. Yau manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka suna adana waɗannan takardu a ɗakuna masu ƙarancin haske don kada su lalace. A zamaninsa kuwa haja ce da ake ɗaurewa dami-dami ko a cusa a ganga, a ɗora wa keken doki, a nufi kasuwa.

An haifi Dürer ranar 21 ga Mayu 1471 a Nuremberg, ya rasu a can ranar 6 ga Afrilu 1528. Don a gane zamanin da kyau: yana yaro Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, yana saurayi Askiya Muhammadu ya hau gadon Songhai a 1493, kuma a shekarar da ya rasu ne aka tuɓe Askiyan. Turawa na kiran wannan lokaci Renaissance, wato zamanin farfaɗowa, lokacin da masu zane da magina da malamansu suka koma ga ilmin Girka da Rum na da, suka haɗa shi da lura da abin da ido ke gani.

Mahaifinsa baƙo ne a garin. Maƙerin zinariya ne daga ƙasar Hangari, zuriyarsu daga wani ƙauye mai suna Ajtós, kusa da Gyula. Ya yi yawon sana'a har ƙasashen Holan da Beljiyam na yanzu, ya iso Nuremberg a 1455, ya shiga maƙerar wani mai suna Hieronymus Holper. Shekara 12 yana aiki a ƙarƙashin maigidan, sannan a 1467 aka ba shi auren 'yar gidan, Barbara. Sunan ƙauyen nasu na da alaƙa da kalmar ƙofa a harshen Hangari, sai aka juya shi zuwa Jamusanci, bakin mutanen Nuremberg ya lanƙwasa shi ya zama Dürer. Duk wanda ya tashi a Zongo na Parakou ko a unguwannin fatake na Djougou ya san irin wannan labari daga gidansu ko gidan maƙwabta: kaka ya zo da sana'a a hannu, ya sauka gidan maigida, ya auri 'yar gari, jikoki suka tashi da harshe biyu da sunan da ya ɗan sauya kama.

Barbara ta haifi 'ya'ya 18. Uku ne kawai suka kai girma, kuma Albrecht na cikinsu. Uban ya cire shi daga makaranta bayan ya iya karatu da rubutu, ya zaunar da shi a maƙera. A nan yaron ya koyi riƙon ɗan ƙarfen nan mai kaifin baki da maƙeran farfaru ke zana ado da shi a jikin kofin azurfa ko zobe. Yana da shekara 13 ya zauna gaban madubi ya zana kansa da tsinken azurfa, zanen da har yau yana nan a birnin Vienna. Da ya ce shi zanen hoto yake so, uban bai ji daɗi ba, yana ganin shekarun da aka kashe a maƙera sun tafi a banza. Duk da haka ya haƙura, a ƙarshen 1486 ya kai shi shagon Michael Wolgemut, babban mai zane na garin, inda ya yi shekara uku yana koyo yana shan wuya a hannun manyan yaran shago. Tarihi ya nuna uban ya yi kuskure a lissafinsa, domin hannun maƙeri da ya ba ɗan nasa shi ne jarin da ya fi kowane yi masa riba.

Yadda ake fitar da hoto daga katako da jan ƙarfe

Kafin wannan zamani, hoton addini a Turai abu ne guda ɗaya tilo. A zana shi da launi a jikin bango ko a faffaɗan katako, a kafa a coci, wanda ke son gani ya taka ya je. Mai kuɗi ne kaɗai ke iya sa a yi masa na gida. Abu biyu suka sauya lamarin. Na farko takarda, wadda sana'arta ta fito daga Sin, ta ratsa ƙasashen Musulmi kafin ta isa Turai. Masana'antar takarda ta farko a Jamus a Nuremberg ɗin aka kafa ta a 1390. Na biyu injin ɗab'i na Gutenberg, wanda ya fara aiki wajen 1450. Ubangidan Dürer na wankan baftisma, Anton Koberger, shi ne babban mai maɗaba'a na Jamus a lokacin, kuma shagon Wolgemut ne ya yi hotuna sama da 1,800 na babban littafin tarihin duniya da Koberger ya buga a 1493.

Hanya biyu ake bi. Ta katako ita ce mai sauƙin fahimta ga wanda ya taɓa ganin ana sassaƙa hatimin ofis. A zana hoto a fuskar katako mai santsi, mai wuƙa ya bi ya ƙwaƙule duk inda ba layi, ya bar layukan a tsaye kamar kunya a gona. A shafa tawada a kan layukan, a aza takarda, a matse. Katako na jure dubban bugu, kuma ana iya jera shi da haruffa a buga shafi ɗaya. Yawanci mai zane daban, mai wuƙa daban.

Ta jan ƙarfe kuwa akasin haka ce, kuma ita ce gadon maƙera kai tsaye. A sami fallen jan ƙarfe, a goge shi har ya yi ƙyalli kamar madubi. A aza shi kan ɗan matashin fata mai cike da yashi. Mai aiki ya riƙe alƙalamin ƙarfe, gindinsa a tafin hannu, ya tura bakinsa cikin ƙarfen, yana fitar da siririn zare yana barin kwari. In layin zai lanƙwasa, fallen ake juyawa da hannun hagu, alƙalamin na tafiya gaba abinsa. Bayan an gama, a cusa tawada cikin kwarurrukan, a goge fuskar fallen tas, a aza jiƙaƙƙiyar takarda, a bi da su ta tsakanin gungume biyu masu matsi mai tsanani, takardar ta tsotso tawadar daga cikin kwari. Babu launi, babu toka-toka. Duhu da haske, laushin fata, ƙyallin sulke, gashin kare, duk da layi da ɗigo ake yin su: a matso da layukan wuri ya yi duhu, a nisanta su ya yi haske, a gicciya wasu a kan wasu inuwa ta yi zurfi. Komai kuma a juye ake zana shi, hagu a dama, har rubutu. Kuskure ɗaya na iya cin kwanaki ana bubbuga fallen ta baya ana gogewa. Kuma jan ƙarfe na da taushi, bayan 'yan ɗaruruwan bugu layukan sun fara cinyewa, shi ya sa bugun farko ya fi daraja tun a wancan zamani.

Gwanin wannan aiki a ƙasashen Jamus kafin Dürer shi ne Martin Schongauer na garin Colmar, wanda yau ke cikin Faransa, shi ma ɗan maƙerin zinariya. Da aka yaye Dürer ya fita yawon neman ƙwarewa a 1490, burinsa ya zauna gaban wannan mutum. Bai isa Colmar ba sai 1492, ya tarar Schongauer ya rasu shekara guda kafin nan. 'Yan'uwan mamacin suka karɓe shi. Ya yi aiki a Basel da Strasbourg, ya koma gida a 1494, aka ɗaura masa aure da Agnes Frey ranar 7 ga Yuli, auren da iyaye suka shirya. Bayan 'yan watanni annoba ta shiga gari, ya tsallaka zuwa Italiya, ya ga yadda masu zanen can ke auna jikin mutum da lissafi. Ya dawo a 1495 ya buɗe shagonsa.

Abin da ya fitar da sunansa ya zo a 1498, yana da shekara 27. Shekarar 1500 na ƙaratowa, ga annoba, ga yaƙe-yaƙe, ga tsoron rundunar Turkawa, mutane da dama a Jamus sun ɗauka tashin duniya ya zo. Dürer ya ɗauki Wahayin Yahaya, littafin ƙarshe na Baibul mai bayanin ƙarshen zamani, ya yi masa manyan hotunan katako 15, ya buga da Latin da Jamusanci. Babu sarki ko limamin coci da ya ba shi kwangila. Da kuɗinsa ya yi, da sunansa ya buga, shi ya ɗauki riba da asara. Hoton mahaya huɗu shi ya fi shahara: mai baka, mai takobi, mai ma'auni alamar yunwa da tsada, da Mutuwa a kan ramammen doki, suna bi ta kan manomi da matar gari da mai rawanin sarauta ba tare da zaɓe ba. Kafin shi hoton katako abu ne mai kaurin layi da ake cikawa da launi da hannu. Shi ya nuna baƙin layi kaɗai na iya ba da iska da hayaƙi da gudu.

Tun 1497 ya riga ya ɗauki 'yan aike da ke yawo gari-gari da takardunsa, da yarjejeniya a rubuce. A nan ne mutum zai gane cewa ɗan kasuwa ne ƙwarai, ba mai zane kawai ba. Ya fahimci cewa hoto ɗaya a bangon coci mutanen gari ɗaya ke ganinsa, amma falle ɗaya na jan ƙarfe na haifar ɗaruruwa, kowane ya kama hanyarsa. Malamin ƙauye ya manna ɗaya a cikin littafin addu'arsa, mai sassaƙa a wata ƙasa ya sayi ɗaya ya kwaikwaya, attajiri ya tara su a akwati.

A 1504 ya fitar da Adamu da Hauwa'u a jan ƙarfe, fallen bai wuce tsawon santimita 25 ba. Akwai bugun gwaji da suka rage, waɗanda ke nuna yadda ya yi aikin: ya fara gama duhun dajin baya, ganye-ganye, ya bar jikin mutanen biyu fari fat, sannan ya dawo kansu a hankali. A ƙasa ga kyanwa kwance kusa da ɓera ba ta taɓa shi ba, ga zomo, ga sa, can nesa ga akuya tsaye a bakin dutse tana leƙen rami. Duniya ce a daƙiƙar ƙarshe kafin saɓo. A kan wani ɗan allo da ke rataye a reshe ya rubuta cikakken sunansa da garinsu da shekara.

Tambari da masu jabu

Nasarar ta jawo masa abin da kowane mai haja mai kyau ya sani. Alamarsa, babban harafin A da ƙaramin D a tsakanin ƙafafunsa, ta zama shaidar inganci, sai masu kwaikwayo suka fara buga nasu da alamar a jiki. Mafi gwaninta a cikinsu ɗan Italiya ne, Marcantonio Raimondi, wanda ya kwafe hotunan rayuwar Nana Maryam daga katako zuwa jan ƙarfe, har da tambarin. Marubucin tarihin masu zane Giorgio Vasari ya rawaito cewa Dürer ya kai ƙara gaban hukumar Venis, aka yanke cewa Raimondi na iya ci gaba da kwafa amma ya daina sa tambarin. A 1511, lokacin da Dürer ya fitar da manyan littattafansa na hotuna, wato rayuwar Nana Maryam da jerin biyu na wahalar Almasihu yadda Kiristoci suka yi imani da ita, da sabon bugun Wahayi, ya rufe su da kakkausan gargaɗi ga ɓarayin aiki, yana tuna musu da takardar kariya da ya samu daga sarki. A farkon 1512 majalisar Nuremberg ta umarci wani baƙo da ke sayar da jabu a kusa da zaurenta ya goge tambarin ko a ƙwace kayan. Abin lura shi ne hukuma sunan ta kare, hoton kuwa ta bar shi ga mai iya kwafa. Mai sayar da atamfa a kasuwar Arzèkè ya san bambancin nan sarai, tun da zane iri ɗaya na zuwa daga masaƙa daban-daban, bakin zanin ake dubawa.

Zamansa na biyu a Venis, daga 1505 zuwa 1507, a inuwar 'yan kasuwar Jamus ya yi shi. Suna da nasu masauki da ma'ajiyar kaya a bakin ruwa, Fondaco dei Tedeschi, kalmar da ta samo asali daga funduƙ na Larabci. Zango ke nan da wani suna. Su suka ba shi aikin babban hoto mai launi na cocinsu, ya yi shi don rufe bakin masu cewa bai iya launi ba sai baƙi da fari. Tsoho Giovanni Bellini, uban masu zanen garin, ya yaba masa a bainar jama'a. A wasiƙunsa ga amininsa Willibald Pirckheimer ya yi ta kwatanta girman da ake ba mai sana'a a Italiya da kallon cima-zaune da ake yi masa a gida. Mutum ne mai son a san darajarsa. Hoton kansa da ya yi a 1500, yana fuskantar mai kallo kai tsaye da dogon gashi a siffar da aka saba zana Almasihu, ya isa shaida.

Lissafin kuɗi ne ya raba masa gardama tsakanin launi da ƙarfe. Wani attajirin Frankfurt, Jakob Heller, ya ba shi aikin hoton coci. Aka yi ta ja-in-ja a wasiƙu a kan farashi da jinkiri, daga ƙarshe aka tsaya a gulden 200, wato tsabar zinariya ta lokacin, bayan aikin da ya ci fiye da shekara da launi mai tsada daga aljihunsa. A 1509 ya rubuta wa Heller cewa daga yanzu zai riƙe aikin ƙarfensa, kuma da tun farko haka ya yi da ya fi haka arziki da gulden dubu. Hoton Heller ɗin gobara ta cinye shi a Munich a 1729. Abin da ya rage a bakin duniya shi ne ɗan zanen share fage na hannaye biyu a haɗe cikin addu'a, wanda yau ake gani a kalanda da bangon gidajen Kiristoci har a Kwatano. Takardun da ake sayarwa takwas a gulden ɗaya kuwa, da yake suna da yawa, babu gobarar da ta iya gamawa da su.

A 1513 da 1514 ya yi falle uku da masana ke ɗauka ƙololuwar wannan sana'a baki ɗaya. Na farko jarumi a kan doki yana ratsa kwazazzabo, Mutuwa na nuna masa agogon yashi, Shaiɗan na biye, shi ko waige bai yi ba. Na biyu waliyyi Jerome, malamin da ya fassara Baibul zuwa Latin, zaune a ɗakin karatunsa ya sunkuya kan rubutu. Zaki da ɗan kare na kwance a bakin ƙofa, ƙoƙon kan mutum a kan taga, wani ƙaton duma rataye a rufi. Abin mamakin shi ne hasken rana: ya shigo ta ƙananan gilasai masu da'ira, ya zuba siffarsu a jikin bango, kuma duk wannan da bakin ƙarfe aka ƙarce shi, layi bayan layi, a fili da bai kai shafin littafin makaranta ba. Mai kallo har yakan ji ɗumin ɗakin.

Na uku, Melencolia I, ya fi wuyar fassara. Wata halitta mai fukafukai zaune ta yi tagumi, kayan awo da na sassaƙa warwatse a gabanta, ba ta aiki da ko ɗaya. A shekarar ne mahaifiyarsa ta rasu, watanni biyu bayan ya zana fuskarta da gawayi ba tare da ya ɓoye ko ƙashi ɗaya na ramarta ba. A bangon bayan halittar akwai abin da kowane almajiri zai gane nan take: hatimi mai gida 16, lambobi daga 1 zuwa 16, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya ba da 34, kuma gida biyu na tsakiyar layin ƙasa na ɗauke da 15 da 14, shekarar aikin. Ilmin irin wannan hatimi malaman Musulmi sun daɗe suna rubutu a kansa kafin ya shiga Turai, kuma ya ci gaba a ƙasar Hausa: Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi littafi a kan yadda ake gina shi.

Anvers

Sarki Maximilian na Daular Rum Mai Tsarki ya yanka masa gulden 100 a shekara daga 1515. Da sarkin ya rasu a 1519 kuɗin ya tsaya, sai a Yulin 1520 Dürer ya ɗauki Agnes da baranyarsu da damman takardu, suka nufi arewa don neman sabon sarki, Charles na Biyar, ya sabunta alkawarin. Ya samu. Amma shekara guda ya yi a tafiyar, mazauninsa Anvers, tashar jiragen ruwan da yau ake loda tsofaffin motoci zuwa Kwatano. Littafin da ya riƙa rubutawa a tafiyar na ɗan kasuwa ne tsantsa: kuɗin abinci, kuɗin aski, abin da ya ci ko aka ci shi a caca, wanda ya ba kyautar hoto da abin da aka mayar masa. A ciki ne aka ga ya sayar wa wani dillali ƙananan littattafan wahalar Almasihu 16 a kan gulden 4. A Brussels ya ga dukiyar zinariya da azurfa da aka kwaso daga Meksiko, ɗan maƙeri ya tsaya yana jinjina wa hannun maƙeran da bai san sunansu ba.

Daga cikin masu karɓarsa a Anvers akwai João Brandão, wakilin kasuwancin sarkin Fotugal. Ofishin nan shi ke sayen jan ƙarfe da tagullar Jamus, jiragen Fotugal su kai gaɓar Afirka ta Yamma a musanya da zinariya da barkono da hauren giwa da mutane. A gidan Brandão, a 1521, Dürer ya zana wata budurwa baƙar fata da tsinken azurfa, ya rubuta sunanta Katharina da shekarunta 20. Masana da dama na ganin baiwa ce. Kanta a ɗaure da ɗankwali, idonta a ƙasa, ba ta kallon mai zanen. Bai yi mata ba'a ba, bai ƙawata ta ba, ya zana ta da kulawar da yake ba attajirai. Zanen na Florence a yau, yana cikin tsofaffin hotunan 'yar Afirka da Bature ya yi yana kallonta ido da ido har ya ajiye sunanta. Ƙarfen da ke ba shi abinci da ƙarfen da ake sayen irinta da shi, ta tasha ɗaya suke wucewa.

A Disambar 1520 ya ji labarin wani ƙaton kifin teku da ruwa ya jefo gaɓar Zeeland, ya shiga jirgi don ya gani. Kafin ya isa ruwa ya janye shi. Bayan wannan tafiya zazzaɓi ya kama shi, wanda ya riƙa dawo masa har ƙarshen rayuwarsa.

Ko hoton halal ne?

Yana tsakiyar wannan tafiya ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashin sana'arsa. Tun 1517 Martin Luther ya tayar da muhawara a kan cocin Roma, kuma Dürer na karanta rubuce-rubucensa da ƙishirwa. A 1520 ya rubuta cewa yana fatan ganin Luther ya sassaƙa fuskarsa a jan ƙarfe, saboda ya fitar da shi daga babbar damuwa ta zuci. Ba su taɓa haɗuwa ba. Da jita-jita ta iso Anvers a Mayun 1521 cewa an kama Luther, littafin lissafin kuɗi ya koma shafukan kuka da addu'a.

Sai dai gyaran da yake goyon baya ya zo da tambayar da ta shafi tukunyarsa. A 1522 Andreas Karlstadt, abokin aikin Luther a Wittenberg, ya yi rubutu cewa hotuna da gumakan coci sun saɓa wa dokar Allah da ta hana bautar siffa, a fitar da su. A wasu garuruwa jama'a suka shiga coci da gatari. A 1524 birnin Zurich ya kwashe hotunan cocinsa gaba ɗaya, aka shafe bango da farar ƙasa. Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan muhawara baƙuwa ba, domin tsoron nan ne, kada siffa ta shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa, ya sa gwanintar hannu a ƙasashen Musulmi ta karkata ga rubutu da zayyana da ƙulle-ƙullen layi, daga bangon masallaci zuwa allon sauka. Dürer kansa ya taɓa wannan fanni: ya yi hotunan katako shida na zare ɗaya fari da ke saƙa kansa a kan baƙi, bisa samfurin almajiran Leonardo da Vinci, irin adon da masana da dama ke dangantawa da kwanukan tagulla na Masar da Sham da ake sayarwa a Venis. Wanda ya san dagin da ke jikin babbar riga zai ga dangi.

Luther ya tsaya a tsakiya, yana ganin hoto ba laifi ba ne muddin ba a bauta masa. Nuremberg ta bi Luther a Maris 1525 ba tare da an farfasa cocinta ba. Amma shekarar ta yi wa Dürer zafi. A Janairu aka kori matasan masu zane uku da suka tashi a inuwar salonsa, Sebald Beham da ƙanensa Barthel da Georg Pencz, bisa zargin rashin imani da raina hukuma. Hieronymus Andreae, mai wuƙar da ke sassaƙa masa katako, ya shiga kurkuku saboda alaƙa da tawayen manoma. A gabatarwar littafinsa na ilmin awo da ya fito a shekarar, Dürer ya ba da tasa amsar: hoto ba ya jan mai imani zuwa camfi, kamar yadda rataya makami ba ya mai da mutumin kirki mai kisa. Hujja ce mai kyau, ko da yake mai ba da ita yana da shago da zai kare.

Duk da haka aikinsa ya sauya. Hoton jibin ƙarshe na Almasihu da almajiransa da ya yi a 1523 ɗaki ne fayau, tebur kusan babu komai sai kofi guda, babu ado, babu taron mala'iku. Ya fi mai da hankali ga fuskokin mutane masu rai, irin su Erasmus da Philipp Melanchthon da ya sassaƙa a 1526, da kuma littattafai a kan awo, ganuwar gari, da ma'aunin jikin ɗan Adam. Babban aikinsa na ƙarshe mai launi, manzanni huɗu a tsaye, bai kai shi coci ba. Majalisar gari ya ba kyauta a 1526, da ayoyi a ƙasa daga fassarar Luther masu gargaɗi a kan malaman ƙarya.

Ya rasu yana da shekara 56, bai bar ɗa ba. Ya bar dukiya ta kusan gulden dubu 7, da gidan da ya saya a 1509 kusa da ganuwa, wanda yau gidan tarihi ne, da fallayen ƙarfe kusan 100 da katakai ɗaruruwa. Agnes ta ci gaba da bugawa da sayarwa da bin masu jabu har ta rasu a 1539. Katakon karkandar da ya zana a 1515, dabbar da bai taɓa gani ba sai a wasiƙa da ɗan zanen da aka aiko daga Lisbon, an ci gaba da buga shi a Holan kusan shekara ɗari bayan haka, har ya tsage.

Takardun kuma suka ci gaba da tafiya inda shi bai taɓa zuwa ba. 'Yan mishan da 'yan kasuwar Fotugal sun kai hotunan Turai fadar sarakunan Mughal, Musulmin da ke mulkin Indiya. A wajen 1600 wani yaro a shekararsa ta 13, Abul Hasan ɗan mai zane Aƙa Riza, wanda ke hidima a gidan Yarima Salim, ya sami ɗaya daga cikin ƙananan hotunan jan ƙarfe na Dürer na 1511. Ya bar gicciyen da ke tsakiya, ya zaɓi almajiri Yahaya da ke tsaye a gefe da hannaye a harɗe, ya kwafe shi da lallausan buroshi, ya rubuta sunansa da shekarunsa a jiki. Da Salim ya hau gado da sunan Jahangir, ya ba yaron laƙabin Nadiruz Zaman. Zanen yana gidan tarihi na Ashmolean a Oxford.